SAFAR HANNUN DANANG

Shafi na 19

Salama gare ku mutanena. Na ga saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn da ta rubuto sau bakwai tana tambaya ko mutuwa na yi. Ban mutu ba. Shafin nan ne na yi ta rubutawa ina gogewa, don duk abin da na ba ku a baya laifin wasu nake tonawa, yau kuwa nawa ne. Masu zagin mijina tun shafi na sha biyu, ku ɗan rage, akwai wadda ta fi shi cancanta.

Sabbin zuwa kuma, ni ce Lastri, tela ce ni a Tulungagung. Danang ƙanena ne, Mbak yake ce min, wato Yaya, sau uku yana ɗaukar kofin tseren babur na ƙasa. Mas Marno mijina ne, shi ne makanikensa. A watan Mayu Danang ya faɗi ya karye a gwiwar hannun dama, ya warke, ya koma tsere. Haka dai muka ɗauka.

Yau a labarin namu mun zo ranar Lahadi, ranar tseren ƙarshe, a garinmu. Ko na biyar ya zo, kofi na huɗu nasa ne.

Danang bai taɓa hawa babur ɗin tsere ba sai ya durƙusa gaban Ibu, mahaifiyarmu. Ko a wane gari za a yi, sai ya biyo ta gida tukuna. Ya kama hannunta da hannu biyu, ya ɗora goshinsa a kai, ta tofa masa addu'a.

Da safen nan tana zaune a baranda tana naɗe masa shinkafa da miyar gyaɗa a ganyen ayaba. Ya zo ya durƙusa. Sai ya miƙo hagu kaɗai, dama na cikin aljihun riga.

Ibu ta janye hannunta.

"Wa ya koya maka?"

"Me na yi kuma, Ibu?"

"Da hagu za ka karɓi albarkata? Ni sa'arka ce? Ko kofunan ne suka fara hau maka kai?"

Ya yi dariya. "Sanyi nake ji a hannun."

"Sanyi a wannan ranar? Fito da shi."

Ya fito da shi, ya yi wuf ya rufe shi da hagun, ya sunkuya. Idon Ibu ya yi rauni, ba ta ga komai ba. Ta yi addu'arta, ta shafa kansa, ta ce ya rage gudu, kamar yadda take faɗa kullum mu yi ta dariya.

Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa, na gani. Ƙaramin yatsansa da na kusa da shi sun lanƙwashe ciki kamar ƙafar kaza, bayan hannun kuma ya rame, har ƙashi ya fito.

Ban ce komai ba, saboda Ibu.

Muka shiga mota. Mas Marno na tuƙi, Danang na ta zuba surutu, ni ina lissafi a raina. Yaushe rabon da in ga ya ci abinci a gabana? Yaushe ya fara sa riga mai dogon hannu cikin wannan zafin? Sai na tuna ranar da ya saki kofin shayi a shagona ya ce ai kunnen kofin ne ke da maiƙo, har na zagi mai shayin. Kai jama'a, wata huɗu yaron nan na ɓoye hannu a gabana, ni da nake taƙama ni na goya shi.

Mun isa filin ƙarfe bakwai. An rufe titin bayan kasuwa, an jera tsofaffin tayoyi da buhunan yashi a kowace kwana, mutane har kan rufin shaguna. Muka shiga tantinmu. Mas Marno ya tsuguna gaban babur ya hau duba taya.

Na ce, "Nang, zo zauna. Lambar da ke hannun rigarka ta ɗage, bari in kama maka ita."

Ya zauna a kan akwatin kayan aiki, ya miƙo min hannun yana kallon waje.

"Mbak, kin ga mahayin nan, mutumin garin Malang? Wai ya ce wa 'yan jarida yau zai nuna min na tsufa. Ni! Shekara ashirin da tara! Lokacin da na fara cin kofi shi ko keke bai iya ba."

"Uhm."

"Ki bar shi. A kwanar gidan mai zan ba shi amsa."

Na zare allura daga ɗankwalina. Allah Ya yafe min. Na soka masa ita a ƙaramin yatsan, ba da wasa ba, har sai da ta shiga.

Bai motsa ba.

"Shi matsalarsa birki da wuri," in ji shi. "Tsoro ne da shi. Ni kuwa..."

Na sake sokawa a gefen tafin. Jini ya ɓullo, ya gangaro kan wandonsa. Yana ta maganar mutumin Malang.

"Danang."

"Na'am?"

"Dubi hannunka."

Ya duba. Allurar na nan tsaye a jikin namansa.

Mas Marno ya ajiye sifana a hankali, bai ko juyo ba. A nan na gane ya sani.

"Tun yaushe?" na ce.

"Mbak, ba wani abu ba ne, ɗan..."

"Kar ka raina min hankali! Tun yaushe?"

Ya zare allurar da kansa ya miƙo min. "Tun ranar ɗorin."

Na zauna a ƙasa, a kan tabarmar da muke salla.

Ban taɓa ba ku labarin ranar ɗorin yadda take ba. A shafi na huɗu cewa na yi "muka kai shi wajen mai ɗori". Ƙarya ce. Ni na kai shi.

Likitan asibiti ya nuna mana hoton ƙashin, ya ce sai tiyata, a sa ƙarfe, wata shida babu babur. Danang ya juya fuska bango yana hawaye, don wata shida na nufin shekarar ta tafi. Mas Marno ya ce a yi tiyatar. Ni na ce a'a. Na ce likitoci yanka kawai suka sani. Na ce Mbah Kromo, tsohon mai ɗorin nan na kan dutse, ya ɗora ƙafar mahaifinmu, kwana arba'in ya koma gona. Likitan ya ce min, "Baiwar Allah, akwai jijiya a wajen, ba ƙafar manomi ba ce." Na ce masa a garin nan kafin a haifi kakansa ake ɗori. Da hannuna na sa hannu a takardar fitar da shi.

Maza huɗu suka danne shi a gidan Mbah Kromo. Tsohon ya shafa mai, ya ja, ya murɗa, ya ɗaure da tsagin gora. Danang ya kurma ihu, ya ce, "Mbak, yatsuna! Kamar wuta!" Na ce masa ya yi shiru, namiji ne shi.

Kwana arba'in da biyu ya hau babur ya ci tsere. Babu layin da ban bi ba a kasuwa ina baza labari. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ji yadda na fi likita sani.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?" na ce.

"In faɗa miki ki yi yaya? Ki yi abin da kike yi yanzu?"

"Ka je asibiti?"

Ya kalli Mas Marno.

"Kar ka kalle shi, ni nake tambayarka."

"Mun je asibitin Surabaya. Watan jiya."

"Ranar da kuka ce min kun je sayen taya?"

"Mun sayo tayar ma ai," in ji Mas Marno can ƙasa-ƙasa.

"Mas, don girman Allah kar ka sa min baki yanzu." Na koma kan Danang. "Me likitan ya ce?"

Ya hau goge jinin da bakin rigarsa.

"Ƙashin ya haɗe a karkace, ya danne jijiyar. Ya ce in an yi aiki da wuri za a iya ceto hannun, in ci abinci da shi, in ɗauki kaya. In an daɗe, yatsun za su ƙarasa lanƙwashewa, shi ke nan."

"Tseren fa?"

"Ya ce in manta da shi. Ko an yi aikin, riƙon ba zai dawo yadda yake ba."

Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin wani. Wallahi da kuka ya yi da ya fi min sauƙi.

"To ka ajiye mana, Nang! Me kake jira? Kofi uku bai ishe ka ba? Ibu har ta rasa inda za ta jera su, ɗaya ma albasa take zubawa a ciki."

"Zagaye ashirin ne kawai, Mbak. Minti ashirin da biyar. Gobe da kaina zan kai kaina su yanka."

"Da wane hannun za ka yi zagaye ashirin ɗin?"

"Da wanda na ci tsere uku da shi bana."

Nan na tsaya. Ni ba baƙuwar harkar nan ba ce, shekara goma sha biyar ina riƙe masa agogo a bakin titi. Yatsu biyu na gaba ke jan birki. Sauran biyun da tafin hannu su ke riƙe kan babur lokacin da nauyin mutum gaba ɗaya ya taho gaba. In waɗannan sun mutu, hannun zamewa zai yi.

"Ta yaya kake riƙewa in ka ja birki?"

Suka kalli juna.

"Da ku nake! Ta yaya?"

Mas Marno ya miƙe, ya ɗauko hular kwanon Danang daga kan tebur, ya zaro safar hannun daga ciki. Nan muke ajiye su kullum. Ya juya ta dama ya nuna min tafinta.

Baƙin ƙyalle ne a ɗinke a jiki, irin mai mannewa da ɗan'uwansa ɗin nan da ake sa wa takalman yara. Ya nuna min hannun totur na babur ɗin. Ɗaya ɓarin na naɗe a can.

Na san ɗinkin. Nawa ne.

A watan Yuli Mas Marno ya kawo min safar shago, ya ce in ɗinka masa wannan ƙyallen, wai saboda ruwan sama, kada hannu ya yi santsi. Na ɗinka layi biyu, da zare mai ƙarfi, har ina yabon kaina cewa ko saniya ta ja ba zai farke ba.

"Manne shi kuke yi," na ce. "Manne min ƙane kuke yi a jikin babur."

"Lastri..."

"In ya faɗi fa? Mas, kai ka koya masa! Tun yana ɗan shekara sha huɗu kake ce masa in ka faɗi saki babur, saki babur, kar ka bi shi. Yanzu in ya faɗi ta ina zai saka? Babur ɗin zai ja shi a kwalta har cikin tayoyin can!"

"Ba zan faɗi ba," in ji Danang.

"A Mayu ma haka ka ce!"

Ya miƙe tsaye. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Mbak, ki saurare ni. Aji biyu na bar makaranta. Ban iya ɗinki ba, ban iya noma ba, ko gyaran babur ɗin ban iya ba, hawa kawai na iya. Daga gobe ni ba kowa ba ne. Na sani, na haƙura. Amma ki bar ni in sauka da ƙafata. Kar a ce likita ne ya kore ni ranar ƙarshe, a garinmu, gaban mutanen da suka hau rufi don su gan ni. Kina so nan da shekara goma in zauna a shagon kofi ana nuna ni ana cewa ga wanda saura ƙiris?"

"Ina so nan da shekara goma ka zauna a shagon kofin. Shi kaɗai nake so."

"Ke kika ce min namiji ne ni."

Ya soke ni, kuma ya san ya soke ni. Na ga ya yi nadama tun kafin ya rufe baki, amma bai janye ba.

"Na faɗa," na ce. "Ni na ɓata maka hannu. Ba Mbah Kromo ba, ba Mas Marno ba, ni. Har in mutu ina ɗauke da shi. Shi ya sa ba zan ƙara da kai gaba ɗaya ba. Likitan tsere zan je in gaya wa."

"Tun jiya ya duba ni, ya sa hannu."

"Me ya duba?"

"Ido da hawan jini," in ji Mas Marno. "Ya ce ya matse masa hannu, ya matse da yatsu uku, ya wuce."

Lasifika ta ɗauka, ana kiran duk mahaya su hallara wajen alƙalan tsere a karanta musu doka. Danang ya sa hannun a aljihu ya nufi ƙofa. Sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Mbak, ke kika goya ni, ban manta ba. Amma in kika je wajen likitan nan, ki ɗauka Ibu ke kaɗai ta haifa."

Ya fita.

Na juyo kan mijina. Shekara goma sha bakwai muna tare ban taɓa ɗaga masa murya a waje ba, ranar kuwa har na tantin kusa sun ji.

"Kai wane irin mutum ne? Ka kwana da ni, ka tashi da ni, ka ci abincina wata huɗu da wannan a cikinka? Ka kawo min abin da zai kashe shi ka ce in ɗinka?"

"Kin gama?"

"Ban gama ba!"

"To ki numfasa in faɗa miki." Ya zauna a kan taya, ya cire hularsa. "Tseren farko bayan ɗorin, ina tsaye a kwana ta uku. Na ga hannun ya zame da idona. Allah ne kaɗai Ya tsare, ya kamo da ƙyar. Da ya sauka na ce masa ya ajiye. Na roƙe shi, Lastri, har kuka na yi masa. Ya ce in ban haɗa masa babur ba zai koma wajen wani makaniken da bai san komai ba. To ki gaya min. Hannu ya zame a birki, tabbas ya mutu. Hannu a manne, sai in ya faɗi. Wanne zan zaɓa?"

"Ka zaɓi gaya min!"

"Ya rantsar da ni. Ya ce in kika ji, ba za ki yafe wa kanki ba." Ya ɗago ya dube ni. "Ke yake karewa. Ni ma ke nake karewa. Wautar ke nan."

Na yi kuka, mutanena. Irin kukan da ba sauti. Wato duk wata huɗun nan da nake yawo ina cika baki, su biyun suna kallona suna rufa min asiri.

Da na share fuska na ce, "Tashi ka je wajen likitan."

"Lastri, ba zai sake yi mana magana ba."

"Ya daɗe bai yi ba. Ina so ya yi fushi da ni yana da rai. Kai ne makanike, kai za su yarda da maganarka. In ba ka je ba, Mas, yau gidan Ibu zan kwana, kuma ba kwana ɗaya ba."

Ya daɗe yana juya hular a hannu. Sannan ya miƙe, ya shafa tankin babur ɗin sau ɗaya, ya fita.

Na rage ni kaɗai da safar.

Na kalli ɗinkin nan nawa, layi biyu, tsaf, babu inda ya karkace. Wani irin baƙin ciki ya taso min. Na ce wallahi ko me za a yi, hannuna ba zai ƙara zama a cikin wannan abin ba. Na ciro reza daga jakata, na bi zaren ɗaya bayan ɗaya na farke shi. Na tsince guntayen zaren tas, don tela ba ta barin zare. Ƙyallen ya fita, tafin safar ya koma baƙi sumul kamar ba a taɓa ɗinka komai ba.

A raina cewa nake, in ya dawo zan nuna masa. In ce ga shi, babu manne, babu tsere, magana ta ƙare.

Sai wani tunanin ya zo min. Na san mijina. Mutumin kirki ne, amma in ya tsaya gaban mai farar riga bakinsa mutuwa yake. Zai iya zuwa ya yi ta kame-kame ya dawo. Gara in bi shi da ƙyallen, likita ya gani da idonsa.

Na dunƙule ƙyallen a hannuna. Safar kuwa, na haɗa ta da 'yar'uwarta na mayar cikin hular kwano, na ajiye a kan tebur. Ban yi tunani ba ko kaɗan. Shekara goma sha biyar hannuna ya saba, duk inda na ga safarsa a yashe nan nake mayar da ita.

Tantin likita na can ƙarshen filin, bayan motar asibiti. Kafin in ratsa mutane na sha wuya. Wannan ya tare ni ya ce a gaida zakara, waccan ta ce Mbak Lastri yau akwai shagali a gidanku. Ina ta murmushin dole.

Na tarar da Mas Marno a tsaye gaban likitan, yana murza hula, kamar yadda na zata.

"Wato dai, likita, hannun nasa ne... ba wai ba ya aiki ba ne, yana yi, sai dai..."

"Yatsu biyu sun mutu," na ce. "Da rabin tafin. Na soka masa allura ɗazu bai ji ba. Akwai takardar Surabaya."

Likitan ya cire tabarau. "Danang? Mai lamba hamsin da takwas? Kun san abin da kuke faɗa kuwa?"

"Ni yayarsa ce. Wannan makanikensa ne. Ka hana shi."

Ya jawo takardar sunaye, ya ɗauki biro. Na ga ya kai bakin biron kan sunan ƙanena. Shekara goma sha biyar, da layi ɗaya.

Sai na ji ƙarar inji.

Babura talatin ne a filin nan, amma ko cikin barci na san kukan namu. Yana da wata 'yar shaƙewa in an murɗa shi daga ƙasa.

Lasifika ta ce an buɗe titi, minti goma na ɗumama inji kafin tsere.

Mas Marno ya leƙa waje. "Shi ne. Ya dawo ya tarar ba kowa, ya gane inda muka zo. Shi ya tayar da babur ɗin da kansa."

Likitan ya ɗauki rediyonsa. "Zan sa a ɗaga masa tuta. Sai dai ya riga ya fita, sai ya zagayo."

"Ba komai," in ji Mas Marno, yana kama kafaɗata. "Kwantar da hankalinki. Zagaye ɗaya ne. Titi a bushe yake, ba zai faɗi ba, safar kuma za ta riƙe shi."

Na ɗago hannuna na buɗe.

Ya kalli ƙyallen. Ya kalle ni.

"Ina safar?"

"Na mayar... cikin hular."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Zai gani ai, Mas! In ya sa zai ji babu! Zai ji hannun bai kama ba!"

"Da me zai ji, Lastri?" in ji shi. "Wajen nan ba ya jin komai. Ni nake danna masa hannun a kan totur kullum, ni nake ce masa ya kama. Shi a saninsa a manne yake."

Ban san lokacin da na fita ba. Takalmina ɗaya ya cire, ban tsaya ba. Ina ture mutane, ina ihun sunansa, wa zai ji ni cikin wannan ƙarar? Na isa shingen da ke kallon miƙaƙƙen layin, inda ake sake wa babur wuta gaba ɗaya kafin kwanar gidan mai.

Ga shi can ya ɓullo. Shi kaɗai a gaba, ya kwanta a kan tanki, jama'a na ta kiran sunansa daga kan rufi. Ba gudun ɗumama inji yake ba. Ya san wannan ne zagayensa na ƙarshe a duniya, ya ba shi duk abin da yake da shi.

Mai tuta ya fara gudu zuwa bakin titi.

Na ɗaga ƙyallen sama da hannu biyu ina kaɗawa, ko Allah zai sa ya gani.

Ya wuce ni.

Ya kai allon da ake fara jan birki, ya ɗago ƙirji, ya miƙa yatsu biyu.

Na ga hannun dama ya bar kan babur.